Shekarun Likita ko Yawan Aikinsa: Wanne Ke Rage Matsala a Tiyatar Haɗe Ƙashin Baya?

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu ilimi a cikinmu game da mahaifiyata, wadda shekarunta suka haura sittin. Ta daɗe tana fama da ciwon ƙugu, amma yanzu ƙafafu ne suka fi damunta, domin idan ta yi 'yar tafiya kaɗan sai su yi mata nauyi su kama zogi, dole ta nemi wuri ta zauna ko ta sunkuya kafin ta samu sauƙi. Hoton MRI ya nuna hanyar jijiyoyi ta matse, kuma ƙashi na huɗu na ƙugu ya ɗan zame gaba a kan na biyar, wurin da suke rubutawa L4 da L5. An ce a yi mata aiki a buɗe wa jijiyoyin hanya, a kuma sa ƙarfe a haɗe ƙasusuwan biyu. Likitoci biyu muka gani. Ɗaya dattijo ne da ya daɗe yana fiɗa, sai dai mun fahimci cewa akasarin aikinsa na karaya ne da gaɓoɓi, aikin baya kuwa jefi-jefi yake yi. Ɗayan matashi ne da bai jima da dawowa daga ƙaro karatu a kan tiyatar ƙashin baya ba, kuma kusan duk aikinsa a wannan fanni yake. Yayyena sun karkata ga dattijon. Shin daɗewar likita a aiki tana rage haɗarin samun matsala a irin wannan tiyata, ko akwai wani abin da ya fi dacewa mu duba?

Alhaji na Kwari:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Ɗana, ni ba likita ba ne, amma a ganina yayyenka suna kan hanya, domin abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ƙashin baya ba wurin koyon aiki ba ne, kuskure kaɗan sai mutum ya ƙare rayuwarsa a kan keken guragu. Idan kuma Allah ya hore muku, ku kai ta Indiya ko Masar, inda suke yin wannan aiki kullum.

Likitan Ƙashi:

Allah ya ba Hajiya lafiya. Ban ga Hajiya ba, ban ga hotunanta ba, saboda haka ba zan zaɓa muku likita ba, amma zan yi bayanin abin da aka sani.

Alhaji, ranka ya daɗe, bari in fara rage maka fargaba ɗaya. Laka a jikin babban mutum takan ƙare ne wajen ƙashi na farko ko na biyu na ƙugu. Daga nan zuwa ƙasa jijiyoyi ne suke saukowa a cikin wani tantani mai ruwa, kowace tana fita ta ƙofarta zuwa ƙafa. Saboda haka aiki a L4 da L5 ba kasafai yake jawo shanyewar jiki baki ɗaya ba. Abin da muka fi tsoro shi ne a taɓa jijiya ɗaya, mutum ya tashi ba ya iya ɗaga tafin ƙafarsa, ko ya samu sabon zogi ko dindiris a ƙafar. Bayan wannan akwai yagewar tantanin nan har ruwan laka ya riƙa tsiyaya, da zubar jini mai yawa, da shigar ƙwayoyin cuta cikin rauni, da daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa wanda kan iya tafiya huhu, da yin aiki a kan ƙashin da ba shi ne aka nufa ba, wanda yakan faru idan ba a tabbatar da wurin da hoto ba. Daga baya kuma akwai ƙin haɗewar ƙashi da sassautawar ƙarfen.

Aikin haɗe ƙashin baya ba sabo ba ne. A 1911 likitoci biyu a birnin Niyok, Russell Hibbs da Fred Albee, kowa ya bayyana hanyarsa ta yin sa, kuma masu tarin fuka na ƙashin baya suka fara yi wa. Sa ƙusoshin ƙarfe ta cikin wuyan ƙashin, wato ɓangaren da ke haɗa gaban ƙashin da bayansa, ya zo ne daga baya, kuma Raymond Roy-Camille na Faransa yana cikin waɗanda suka kafa shi. A nan ne hannu yake da muhimmanci, domin wuyan ƙashin da ƙusar take bi siriri ne, yawanci faɗinsa bai kai santimita biyu ba ko a inda ya fi kauri, jijiya kuma tana kwance a gefensa na ciki da ƙarƙashinsa. Idan ƙusa ta kauce da 'yan milimitoci ta wannan ɓangare, jijiyar za ta faɗa maka.

Game da tambayarka, Baban Hanifa, an daɗe ana bincike a kai. Tun 1979 Harold Luft da abokan aikinsa suka nuna cewa a wasu manyan ayyukan tiyata, asibitocin da suke yin su da yawa sun fi ƙarancin mace-mace. A 2003 John Birkmeyer ya nuna cewa babban kaso na wannan bambanci yana komawa ne ga yawan aikin da shi likitan kansa yake yi. An yi irin wannan bincike a kan tiyatar ƙugu ta hanyar duba bayanan asibitocin Amurka, kuma akasarinsu sun karkata wuri ɗaya: likitan da yake yin aikin a kai a kai marasa lafiyarsa sun fi ƙarancin matsala da sake komawa asibiti. Ku lura cewa abin da aka auna shi ne yawan wannan aiki a shekara, ba yawan shekarun da likita ya yi da kammala makaranta ba. Binciken da ya fi burge ni ma ba a kan baya aka yi shi ba. A 2013, a jihar Mishigan ta Amurka, likitoci 20 masu tiyatar rage ƙiba suka ba da bidiyon aikinsu, takwarorinsu suka ba su maki ba tare da sanin ko na wane ne ba. Marasa lafiyar waɗanda suka zo a rukunin ƙasa sun samu matsala kashi 14.5 cikin ɗari, na rukunin sama kuwa kashi 5.2. Makin bai bi shekarun da likita ya yi a fannin ba, amma ya bi yawan aikin da yake yi.

Malamar Ƙididdiga:

Likita, na gode da wannan bayani, amma ka yi mini izini in ja da kai kaɗan, domin aikina ke nan. Idan aka ga masu yawan aiki sun fi samun sakamako mai kyau, ba lallai ne yawan aikin ya haifar da kyan sakamakon ba. Mai yiwuwa ne likitan tun asali gwani ne, labarinsa ya bazu, abokan aikinsa suka riƙa tura masa marasa lafiya, sai aikinsa ya yawaita. Shi kansa Luft ya tattauna waɗannan fassarori biyu daga baya. Sannan irin waɗannan bincike sun dogara ne da takardun biyan kuɗi da na sallama daga asibiti, waɗanda suke iya nuna wanda ya mutu ko aka sake kwantar da shi, amma ba sa nuna ko tsohuwa ta koma tana zuwa gidan biki da ƙafarta. Kuma matsakaicin sakamako na dubban likitoci ba ya gaya maka komai tabbatacce a kan mutum biyun da Baban Hanifa ya gani. Akwai mai aiki kaɗan da yake da natsuwa da tsabtar hannu, akwai mai aiki da yawa da yake gaggawa.

Abu na ƙarshe, duk wani adadi da aka ce likita ya kai a shekara kafin a kira shi mai yawan aiki, a Amurka aka ƙirga shi, inda inshora take biya. A nan, inda iyali suke haɗa kuɗin ƙarfe da kansu, mutane da yawa da suke buƙatar aikin ba sa samun yin sa, don haka likita ƙwararre ma zai iya kasa kai wannan adadi.

Likitan Ƙashi:

Malama, ban musa ko ɗaya ba. Sai dai ga mai neman likita, ko yawan aiki ne ya kawo ƙwarewa ko ƙwarewa ce ta kawo yawan aiki, alamar tana nan da amfaninta, domin ta kowace fuska mai yawan aikin ya fi kusa da zama wanda ake nema. Na yarda cewa kada a ɗauko adadin Amurka a ɗora wa likitocinmu. Abin da za a kwatanta shi ne tsakanin wanda aikin baya ya zama sana'arsa ta kowane mako da wanda yake taɓa shi sau ƙalilan a shekara.

Maman Sadiq:

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki a ɗakin masu karaya da waɗanda aka yi wa tiyatar baya, kuma ina ganin an mai da hankali a kan mutum ɗaya fiye da kima. Likita yakan yi sa'o'i kaɗan a kan mara lafiya, sauran kwanakin kuwa a hannunmu yake. Idan jini ya taru a cikin raunin ya danne jijiyoyi a daren farko, wanda zai fara lura shi ne nas ɗin da ta zo ta ce wa mara lafiya ya motsa yatsun ƙafarsa, ta ga ƙarfinsu ya ragu a kan yadda yake da yamma. Idan ta san ma'anar abin da ta gani, kuma akwai likitan da za ta kira ya zo a daren, kuma ɗakin tiyata yana da wuta da ma'aikata, to za a buɗe a kwashe jinin, jijiyar ta tsira. Idan aka bari sai zagayen safe, wataƙila an makara. Haka nan idan bandeji yana jiƙewa da ruwa fari tas kuma mara lafiya yana kukan ciwon kai duk lokacin da ya tashi zaune, wanda ya saba da ɗakin ya san ruwan laka ne yake fita.

Akwai binciken da aka buga a Amurka a 2009 wanda ya nuna cewa asibitocin da suka fi yawan mace-mace bayan tiyata da waɗanda suka fi ƙaranci ba su bambanta sosai ba wajen yawan matsalolin da ke tasowa, bambancin yana wajen gano matsalar da wuri da ceto mara lafiya. A shekarar ce kuma aka buga sakamakon gwajin takardar tantancewa ta Hukumar Lafiya ta Duniya a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban, inda matsaloli suka sauka daga kashi 11 zuwa kashi 7 cikin ɗari, ba don an canza likitoci ba, sai don an tilasta wa kowa ya tsaya a tabbatar da sunan mara lafiya, da wurin aiki, da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a sa wuƙa. Saboda haka, Yaya, ka duba asibitin da kowannensu zai yi aikin. Ka tambaya ko akwai na'urar ɗaukar hoto a cikin ɗakin tiyatar, ko akwai jini a ajiye, ko akwai ɗakin kulawa ta musamman, da kuma wanda yake kwana a asibitin.

Baban Hanifa:

Na gode ƙwarai. Akwai abin da ban ambata ba. Matashin likitan ya ce kafin ya yanke shawarar sa ƙarfe yana so a ɗauki hoton Hajiya a tsaye, tana sunkuye sannan tana miƙe, domin mai yiwuwa buɗe hanyar jijiyoyin kaɗai ya wadatar. Yayyena sun ɗauki wannan a matsayin alamar bai amince da kansa ba.

Likitan Ƙashi:

To, a nan ne nake so in daɗe, domin a ganina wannan ya fi duk abin da muka faɗa a baya nauyi. Ƙwarewar likitan baya ba a hannu kaɗai take ba. Mafi girman ɓangarenta shi ne sanin wanda ya kamata a haɗe wa ƙashi da wanda bai kamata ba, domin matsalar ƙarfe ba ta samun wanda ba a sa wa ƙarfe ba. Hoton da ya nema shi ne abin da ake yi don a ga ko ƙashin da ya zame yana motsi idan mutum ya sunkuya, tunda MRI a kwance ake ɗaukar sa, kuma a kwance ƙashin yakan koma kusa da mazauninsa ya ɓoye gaskiyar lamarin. Neman wannan hoto ba alamar shakka ba ce, alamar bin ƙa'ida ce.

Tambayar ko a haɗa da ƙarfe ko a tsaya ga buɗe hanya tana cikin abubuwan da likitocin baya suka fi sabani a kai. A watan Afrilun 2016 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta buga bincike biyu a fitowa ɗaya. Na farko daga Suwidin, a kan mutum 247 masu matsewar hanyar jijiyoyi, fiye da rabinsu suna da zamewar ƙashi irin ta Hajiya. Bayan shekara biyu, da kuma bayan biyar, waɗanda aka haɗe wa ƙashi ba su fi waɗanda aka buɗe wa hanya kawai samun sauƙi ba, alhali sun fi zubar da jini, aikinsu ya fi tsawo, kuma sun yi kwana 7.4 a asibiti a matsakaici, su kuwa ɗayan rukunin kwana 4.1. Na biyu daga Amurka, a kan mutum 66, ya samu ɗan fifiko ga haɗewa, kuma waɗanda aka sake yi wa aiki daga baya kashi 14 ne cikin ɗari a rukunin ƙarfe, kashi 34 a ɗayan. A 2021 aka buga na Norwe a kan mutum 267 masu zamewar ƙashi, shi ma ya nuna buɗe hanya kaɗai bai gaza ba bayan shekara biyu. Ni abin da na ɗauka daga waɗannan shi ne, tsoho mai ciwon ƙafafu wanda ƙashinsa ya zame kaɗan kuma ba ya motsi, sau da yawa ƙaramin aikin ya ishe shi. Wanda ƙashinsa yake motsi sosai, ko bayansa ya karkace, ko buɗe hanyar zai tilasta a cire gaɓoɓin da ke riƙe da wurin, shi ne mai buƙatar ƙarfe.

Girman aiki kuma yana tafiya da girman haɗari. Richard Deyo ya duba bayanan tsofaffin Amurka da aka yi wa aikin matsewar hanyar jijiyoyi, ya buga a 2010 cewa matsaloli masu barazana ga rai sun kai kashi 2.3 cikin ɗari a waɗanda aka buɗe wa hanya kawai, amma kashi 5.6 a waɗanda aka yi wa haɗewa mai sarƙaƙiya, kuma irin wannan babban aiki ya ninka sau 15 tsakanin 2002 da 2007. Ka ga ke nan zaɓin irin aikin da za a yi zai iya ninka haɗari fiye da sau biyu tun kafin a zo maganar hannun wane ne zai riƙe wuƙar.

Alhaji na Kwari:

Likita, maganarka ta sa ni tunani. Ke nan kana nufin akwai masu sa wa mutane ƙarfe don kuɗi kawai?

Likitan Ƙashi:

Alhaji, ba zan ce babu ba, domin inda babban aiki ya fi ƙarami kawo kuɗi, dole a sa ido, kuma wannan ya shafi gida da waje. Amma yawanci ba mugunta ba ce. Likita yakan yi abin da aka koya masa, kuma shekaru da dama abin da ake koyarwa shi ne duk ƙashin da ya zame a haɗe shi. Wanda ya yi karatu a wancan zamani kuma bai ci gaba da bibiyar sababbin bincike ba zai ba da shawarar ƙarfe da zuciya ɗaya. A nan daɗewa takan zama nauyi a maimakon riba. A ɗaya ɓangaren kuma, matashin da ya dawo da sabuwar fasaha yakan ƙagu ya yi amfani da ita. Inda na fi jin tsoro shi ne a haɗe wa mutum ƙashi saboda ciwon baya kawai, ba ciwon ƙafa, ba zamewa, don hoto ya nuna faifan da ke tsakanin ƙasusuwa ya lalace. Wani nazari na 2015 ya nuna ana ganin irin wannan lalacewa a hoton kashi 37 cikin ɗari na 'yan shekara 20 da ba sa jin ciwon komai, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Shi ya sa hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce tun 2016 kada a yi haɗewa saboda ciwon baya zalla sai a cikin gwajin bincike.

Abu Yasir:

Ina so in yi magana a kan shawarar fita waje, domin ni an yi mini wannan aiki a wata ƙasa, kuma ba zan ambaci asibitin ba. Likitan gwani ne, aikin ya yi kyau, aka sallame ni na hau jirgi. Bayan na dawo gida raunin ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe ni. Wanda ya yi aikin yana can, sai dai saƙon waya, wakilin da ya haɗa mu kuwa ya daina ɗauka. Likitocin gida ne suka buɗe suka wanke raunin, kuma da suka tambaye ni takardar bayanin aikin da sunan kamfanin ƙarfen, ba ni da ko ɗaya. A nan na san cewa kowane kamfani yana da nasa kayan ɗaurewa da kwancewa, kuma da a ce sai an cire ƙusoshin, da an sha wahalar neman abin da zai kama kansu. Alhamdu lillahi ba a kai ga haka ba. Ban ce kada kowa ya fita ba, amma duk wanda zai tafi ya fara samun likitan gida da ya yarda zai karɓe shi idan ya dawo, kuma kada ya baro can sai da cikakken rahoton aikin a hannunsa. Gwanin da ba za ka same shi ba a mako na uku, rabin gwanintarsa ce ka saya.

Mai Gashin Ƙashi:

Allah ya ƙara lafiya, Abu Yasir. Ni a wurina ake zuwa bayan an gama, don haka ina ganin abin da ke faruwa bayan watanni. Mutane suna ɗauka ƙarfen ne maganin, alhali matsayinsa kamar karan da mai ɗori yake ɗaurawa ne, riƙewa kawai yake yi kafin ƙashi ya kama. Haɗewar gaskiya tana zuwa ne idan ɓarɓashin ƙashin da likita ya shimfiɗa ya rayu ya zama ƙashi ɗaya, kuma wannan yakan ɗauki wata shida zuwa shekara. Idan bai kama ba, komai ƙarfin ƙarfen, wata rana zai sassauta ko ya karye. A nan akwai rabon likita, domin shirya wurin da ƙashin zai kama aiki ne mai cin lokaci wanda ba ya fitowa a hoton ranar farko, kuma mai gaggawa yakan taƙaita shi. Akwai kuma rabon mara lafiya. Wani bincike na shekarar 2000 ya samu ƙin haɗewa a kashi 14 cikin ɗari na marasa shan taba, da kashi 26 da ɗoriya na waɗanda suka ci gaba da sha bayan aiki. Ciwon suga da ba a daidaita ba da raunin ƙashi na tsufa, wanda ya fi yawa a mata bayan ɗaukewar al'ada, su ma suna da tasiri.

Sannan idan aka hana gaɓa ɗaya motsi, na sama da ita da na ƙasa su suke ɗaukar nauyin. Wani bincike na 2004 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 16 cikin ɗari za su buƙaci wani aikin a gaɓar maƙwabciya cikin shekara biyar, kusan kashi 36 cikin shekara goma, kodayake har yanzu ana gardamar nawa ne laifin haɗewar, nawa ne tsufan da dama zai zo.

Baban Hanifa:

Likita, a al'adarmu da nauyi mutum ya dubi babban likita ya tambaye shi sau nawa ya yi aiki. Ta yaya zan yi wannan tambaya ba tare da na ci fuskarsa ba?

Likitan Ƙashi:

Ƙanena, ka yi ta cikin ladabi, amma ka yi ta, kuma ka yi wa su biyun iri ɗaya. Kana iya cewa, ranka ya daɗe, hankalin iyali bai kwanta ba, muna so mu san ko irin wannan aiki yana cikin waɗanda kake yi a kai a kai, kuma waɗanne matsaloli ka fi gani a marasa lafiyarka. Amsar tambaya ta biyu ta fi ta farko bayyana mutum. Duk likitan bayan da ya ce maka tantani bai taɓa yage masa ba, ko rauni bai taɓa ruwa a hannunsa ba, to ko dai bai yi aikin da yawa ba ko kuma ba ya bibiyar marasa lafiyarsa. Wanda ya saba zai gaya maka abin da yakan faru da yadda yake gyara shi ba tare da ya ɓata rai ba. Ka tambaye shi dalilin da ya sa Hajiya take buƙatar ƙarfe ita a karan kanta, da abin da zai faru idan aka tsaya ga buɗe hanya. Ka kuma tambayi wanda zai riƙe wuƙar, domin a asibitin koyarwa likitoci masu neman ƙwarewa suna yin wani ɓangare na aikin, wanda ba laifi ba ne muddin babban yana tsaye a wurin.

Shi ma matashin kada a ɗaga masa ƙafa. Idan ya ce zai yi aikin ta ƙaramar ƙofa, wato hanyar da ake bi ta 'yan ƙananan yanka da taimakon hoto, ka sani cewa bincike da dama sun nuna ayyukan farko na likita a wannan hanya sun fi tsawo kuma sun fi yawan matsala, sai ya yi gommai kafin hannunsa ya zauna. Ka tambaye shi ko ya yi ta da kansa tun dawowarsa ko kallo ya yi a inda ya yi karatu, kuma wa zai kira idan abu ya rikice. A asibitoci irin su na ƙashi da ke Dala a Kano, ko na koyarwa a Zariya da Sakkwato, akwai manya da ƙanana a wuri ɗaya, kuma ba abin kunya ba ne likitoci biyu su shiga aiki tare. Kuna ma iya roƙon hakan.

Malamar Ƙididdiga:

Ƙari ɗaya a kan wannan. Idan likita ya ce maka a cikin aiki ashirin bai samu matsala ko ɗaya ba, wannan bai tabbatar da cewa haɗarinsa sifili ne ba, domin a lissafi, rashin ganin abu a gwaji ashirin yana iya tafiya tare da haɗarin gaskiya da ya kai kusan kashi 14 cikin ɗari. Wanda yake rubuta sakamakon aikinsa a littafi, mai kyau da marar kyau, ya fi wanda yake ba da amsa daga ka abin dogaro.

Maman Sadiq:

Likita, wata tambaya a madadin iyalin. Duk wannan bincike da neman ra'ayi na biyu zai ɗauki lokaci. Shin jinkirin ba zai cutar da Hajiya ba?

Likitan Ƙashi:

Matsewar hanyar jijiyoyi ta tsufa a hankali take tafiya, kuma 'yan makonnin da za a ɗauka a yi hoton tsaye, a auna suga da yawan jini, a duba zuciya da ƙarfin ƙashi, ba asara ba ce, domin likitan sa barci ma zai buƙace su, tunda aikin a kife ake yin sa na tsawon sa'o'i. Idan awo ya nuna ƙashinta ya yi rauni sosai, wannan kansa zai shiga lissafin ko ƙusa za ta riƙe. Ba kuma ina cewa a guje wa tiyata ba ne, domin babban binciken Amurka da aka buga a 2007 a kan masu zamewar ƙashi da matsewa ya nuna waɗanda aka yi wa aiki sun fi waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙin ciwo da tafiya bayan shekara biyu. Abin da ba ya jira shi ne idan ta fara kasa yin fitsari ko kasa riƙe shi, ko bayan gida yana zuwa ba ta sani ba, ko ta daina jin taɓi a tsakanin cinyoyi da mazaunai, ko ƙafa tana rasa ƙarfi daga yau zuwa gobe. Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a kai ta asibitin da ke da likitan baya a ranar, ko da tsakar dare ne. Haka kuma idan akwai zazzaɓin dare da rama tare da ciwon bayan, a gaya wa likitan tun kafin a sa ranar aiki, domin a ƙasarmu tarin fuka na ƙashin baya bai ƙare ba, kuma maganinsa daban ne.